Cindo da Notunan Jar Mota

Duk direban da ya saba bin hanyar Kontagora ta cikin Yelwa ya san rumfar Cindo Mai Faci. Tana nan gab da inda manyan motoci ke lodin albasa, ƙarƙashin wani tsohon dogon yaro, an jingine tayar tirela a gaba an rubuta FACI da farin fenti. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya sau ɗaya ba su ƙara komawa ba. Ba wanda ya taɓa kushe aikinsa. Bakinsa ne mutane ba su iya ɗauka.

Sunansa na yanka Shu'aibu, amma da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, sai Cindo ya bi shi. Wanzami ya so ya ɗaure ƙarin yatsan da zare har ya faɗi, innarsa ta hana, ta ce a bar mata ɗanta yadda ya zo. Ubansa masunci ne a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Cindo na goye aka kwashe su lokacin da aka datse kogi a Kainji, aka zube su a sabon matsuguni wajen Warra. Ya tashi cikin koma da ƙarnin kifi, ya kuma tsani su biyun. Tun yana saurayi ya gudu daga jirgin ubansa ya liƙe wa Gideon, wani Bakambare mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin tafki.

Gideon ba mai magana ba ne. In ya ga ka ɗauki sifana kafin ka murza noti da yatsunka, sai ya buge maka hannu ya ci gaba da aikinsa. Shekara shida Cindo ya yi a wurinsa, abin da ya fi riƙewa shi ne wannan: noti da hannu ake fara shi, in ya ƙi shiga da hannu, to ba wurinsa ba ne.

Daga nan ya shiga bin motar albasa da busasshen kifi zuwa kudu, shekara goma sha ɗaya. Wata rana a wani gangare ya ga tayar motar da ke gabansu ta fice, ta yi tsalle biyu, ta faɗa rumfar wata mai tuyar ƙosai. Matar ba ta kai asibiti ba. Da suka dawo Yelwa ya sauka daga mota bai ƙara hawa ba, ya kafa rumfarsa. Wannan labari ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa sai matarsa Kulu.

Tun daga lokacin ya raina direbobi. A wurinsa direba jaki ne da aka ba lasin. Ya raina masu hawa kan sifana suna tsalle wai su ɗaure taya tam, ya raina sabbin kanikawa masu koyon aiki a waya, ya fi raina mai mota da bai san inda jak ɗinsa yake ba. Ba ya zagi. Kallonka kawai zai yi daga hula zuwa takalmi, ya ja tsaki ta gefen baki, ya faɗi kalma uku da za su bi ka har gida. Kulu, wadda ke soya kifi a ƙofar gida, takan ce da ya iya rufe baki da tuni ya gina gareji mai bene.

"In gina bene in zuba wa? Jakkai?" in ji shi.

Bayan ɗaukewar damina ta bara, wata ranar Laraba da hantsi, Cindo na goge wani tib sai ya ji ƙara kamar an tada injin niƙa uku lokaci ɗaya. Ya ɗaga kai ya ga wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi kwalta. Ta zo daidai tudun rage gudu da ke gaban tasha ta tsaya. Wani ƙato ya fito daga ciki don a rage nauyi, direban ya karkace ta, ya hau tudun a gicciye kamar kaguwa, duk da haka sai da ƙasanta ya yi ƙuuu. 'Yan kabu-kabu suka sa ihu suna tafi.

Mai motar Bashir ne, ɗan Hajiya Fatsuma dillaliyar kifi, wadda rabin bandar da ke fita daga Yauri ta hannunta take bi. Yana zaune a Abuja, ba wanda ya san takamaiman aikinsa, kuma ranar Asabar za a ɗaura masa aure da Shamsiyya, wata malamar asibiti 'yar Warra. Ya fito da baƙin gilashi, ya tsaya nesa da bakin mai don kada takalminsa ya ɓaci.

"Baba, sannu da aiki. An ce kai ne ka fi kowa iya taya a garin nan."

"Wa ya ce?"

"Hajiya."

"To, ta yi gaskiya. Mi kake so?"

Bashir ya yi wa abokinsa alama. Ashe akwai a-kori-kura biye da su, aka sauke rim huɗu sababbi, baƙaƙe wuluk masu sheƙi, an riga an sa musu taya siririya kamar an naɗa ɗanko. Sannan Bashir ya fito da wani ƙaramin akwati daga motar, ya buɗe a hankali kamar lefe. Notuna ashirin ne a jere cikin soso, ruwan zinariya, dogaye, kowane da tsini a kai kamar ƙahon ɗan akuya.

"Daga waje na yi odarsu," in ji Bashir. "Irin na motocin tsere ne. Ka cire tsofaffin tayun ka sa waɗannan, ka ɗaure da waɗannan. Amma don Allah a hankali, kada fentin ya goge."

Cindo ya goge hannu a wando ya ɗauki ɗaya. Ya jefa shi sama ya cafe. Ba nauyi ko kaɗan. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi a jikin sifana, ya saurara.

"Dalma ce," ya ce. "Irin ta tukunyar Kulu."

"Ai da gangan ne, Baba. Don motar ta yi sauƙi ta ƙara gudu."

Cindo ya dubi ƙaton abokin, wanda aka sauke ɗazu a kan tudu, ya dubi notin da ke tafinsa. Ya durƙusa gaban rim ɗaya, ya zura ƙarin yatsansa cikin ramin da noti ke zama, ya juya. Sannan ya saka notin a ramin ya girgiza shi. Notin ya yi ta rawa.

"Taho ka gani. Ramin wanga rim kamar mazurari yake, baki buɗe, ciki tsuke. Notin da za ya zauna ciki sai mai gindi irin nashi, wanda za ya cika ramin ya kama ko'ina. Naka gindinshi shafaffe ne kamar kwabo. Baki kawai yake taɓawa. In mota ta faɗa rami biyu, za ya fara wasa."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko sifana ya kwance noti ɗaya daga tayar gaba, ya ɗora na zinariyar a kan kusar da ta bayyana, ya murza da yatsu. Zagaye ɗaya, biyu, a na uku ya cije.

"Zaren ma ba ɗaya ba. Wanga na wata mota ne."

"In an sa ƙarfi zai shiga."

"Za ya shiga. Ko ƙafarka in an sa ƙarfi tana shiga takalmin amaryarka."

Masu lodin albasa da suka taru kallon mota suka fashe da dariya. Fuskar Bashir ta canza. Ya zaro waya, ya shiga nuna wa Cindo wani bidiyo na wani Bature yana ɗaura irin waɗannan notuna a wata mota. Cindo ko kallon wayar bai yi ba. Ya shiga rumfa ya jawo wani tsohon gwangwanin madara, ya tona ciki, ya fito da noti ɗaya na ƙarfe, gajere, toka-toka, mai gindi kamar bakin mazurari. Ya saka shi a ramin rim, ya zauna daram. Ya ɗora shi a kan kusa, ya yi ta shiga da yatsu kamar an shafa masa man shanu.

"Ga naka. Ina da ashirin."

Bashir ya dubi notin kamar an miƙo masa kashin akuya.

"Haba Baba! Wannan ƙazamin abu a kan wannan rim? Ka san mutum nawa za su ɗauki hoton motar nan ranar Asabar? Wannan fa ba motar albasa ba ce."

"Na gani. Motar albasa tana kai mutum inda za shi."

"Kai dai ka sa abin da na kawo."

"Ba ni sawa."

Cindo ya maida notin da ya kwance, ya ɗaure, ya koma kan bencinsa ya ɗauki tib ɗin da yake gogewa. Bashir ya tsaya ɗan lokaci yana jiran a ba shi haƙuri. Da ya ga ba alama, ya ce tsofaffin nan ba su san duniya ta wuce su ba, ya sa aka maida kaya a a-kori-kura.

Ba nisa suka je ba. Tsallaken titi akwai shagon Auwal, wanda ya buɗe shekara biyu da suka wuce, da allo mai hoton mota da injin ɗaure taya mai aiki da iska. Auwal bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Daga inda Cindo ke zaune yana jin injin na tarrr, tarrr, yana tura dalma kan ƙarfe da ƙarfin tsiya. Ya ƙirga har ashirin, ya tofar da yawu.

Da ya koma gida cin abincin rana ya ba Kulu labari, yana kwaikwayon tafiyar Bashir. Kulu ba ta yi dariya ba.

"Malam, a wace mota za a ɗauko amarya?"

Cindo ya ci gaba da cin abincinsa.

"Ɗiyar mutane ce za ta zauna ciki. Ka tafi ka gaya wa Hajiya."

"Ni in bi su da roƙo? Ɗanta ne, ita ta haifi abinta."

"Ka tafi dai."

Washegari ya tafi, yana gunaguni tun daga gida. Ya iske Hajiya Fatsuma a kasuwar kifi, zaune kan kujera tsakanin kwandunan banda, mata na ta zuwa yi mata Allah sanya alheri. Ya gaishe ta a tsaye ya faɗi abin da ya kawo shi, bai sassauta ko kalma ɗaya ba. Ya ce ɗanta ya ɗaure tayun motarsa da kayan ado, kuma wanda ya ɗaura masa bai san hannunsa na dama ba.

Hajiya ta gyara mayafi.

"Cindo, yaro ya gaya mini yadda kunka yi. Ka kunyata shi gaban 'yan dako. Ni na tura shi wurinka don mutunci. Yanzu don an kai aikin wani wuri shi ne ka biyo ni har kasuwa ka yi muna baƙin baki a kan buki?"

Cindo ya dube ta, ya dubi kifin. Ya ce Allah ya sa a yi taro lafiya, ya juya. A hanya ya gaya wa kansa cewa ya fita haƙƙinsu, duk abin da ya same su su suka saya.

Ranar Asabar da safe Kulu ta gan shi yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ta ji gwangwanin madara na ƙara a ciki. Ya ce za shi Warra ya gaida Deborah, matar marigayi Gideon, an kwana biyu. Kulu ta ce ya gaishe ta, ta juya don kada ya ga murmushinta.

Ayarin ango ya riga shi tashi. Jar motar ce a gaba, an manna mata furannin roba, notunan na walƙiya a rana. Cindo ya bi su a hankali, bai ko yi ƙoƙarin cim musu ba. Hanyar Warra ya san ta kamar tsakar gidansa, ya san inda kwalta ta ƙare da inda ruwan damina ya yanke ta.

Bayan an shiga ƙasar Ngaski, daidai wata fadama da ake dashen albasa, ya hango motoci tsaye da mutane cirko-cirko. Jar motar ta bar hanya ta dangwala hanci a cikin yashi, gefen hagu na gaba a ƙasa. Tayar kuwa tana can cikin fadama, ta kwantar da kunya uku ta albasa, mai gonar na tsaye a kanta da fartanya yana faɗa da Kambarci. Bashir na zaune a bakin hanya, leɓensa ya fashe, jini ya ɗiga a kan farar shadda. Ƙaton abokin na riƙe da goshi. Ba wanda ya karye.

Cindo ya ga haka, ya sauke numfashi. Sannan ya kafe babur a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya zauna a kan saiwa, ya ciro gyaɗa daga aljihu ya fara ɓarewa.

Abokan ango, duk cikin manyan riguna, suna ta sunkuye a kan hanya suna tsintar notuna kamar kaji. Wanda ya samo ɗaya ya kawo da murna, aka gwada, ya zame ya faɗo, domin cikinsa ya zama sumul, zaren duk ya cinye. Wani ya ce a kira Auwal, aka kira, wayarsa a kashe. Wani ya buɗe bayan motar neman jak, aka tarar Bashir ya cire shi tun a Abuja don ya sa lasifika. Cindo na kallo yana taunar gyaɗa. Saura awa ɗaya a ɗaura aure.

Bas ɗin mata ta iso, Hajiya Fatsuma ta sauko tana salati. Ta duba ɗanta, ta gan shi da rai, ta waiga ta hango wanda ke ƙarƙashin ɗorawa. Sannan ta tako har inda yake.

"Malam Cindo."

"Hajiya. Ya taro?"

"Ka yi wa Allah."

"Ai ni baƙin baki gare ni."

"Na faɗa, na kuma janye. Ka yi wa Allah."

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya tashi. Ya fara zuwa wurin mai gona, ya ba shi haƙuri da Kambarcin da ya koya a wurin Gideon, ya nuna masa Hajiya ya ce ita ce mai maganar albasarsa. Ya sa abokan ango shida suka ɗaga gaban motar, aka tura dutse da kututture. Ya duba kusoshin. Biyu sun karye, uku na nan amma dalma ta cike zarensu. Ya zauna da burushin waya yana kankarewa, ba ya sauri, mutane na ta duba agogo. Da ya gama ya zagaya sauran tayu ukun, ya taɓa kowane noti. Guda bakwai da yatsu kawai ya zare su.

"Ango," ya ce, "taho nan."

Bashir ya taso.

"Durƙusa."

"Baba, kayana..."

"Sun riga sun ɓaci. Durƙusa."

Bashir ya durƙusa cikin yashi. Cindo ya zazzage gwangwanin madara a gabansa, ya sa shi ya ɗauki notunan toka-tokan nan ɗaya bayan ɗaya, ya murza kowane da yatsunsa yana ƙirga zagayen da ƙarfi, jama'a na ji. In ya yi sauri Cindo ya ce a sake. Sai da goma sha takwas suka zauna sannan Cindo ya bi su da sifana, yana tsallake ɗaya ya ɗaure na gaba da shi, har ya zagayo.

"To, saurara. Wagga taya kusa ukku ke riƙe da ita. Motar ga Yelwa za ta koma, tafiyar jaki, mutum guda ciki. Ba ta ɗaukar amarya."

"Haba Baba, Warra fa ga ta nan. Na yi wa Shamsiyya alkawari. Duk ƙawayenta suna jiran..."

"Ƙawayenta su shiga, in iyayensu sun gaji da su."

Bashir ya dubi uwarsa. Hajiya ta miƙa hannu, ya ba ta makullin, ta miƙa wa direban a-kori-kura ta ce ya juya da ita gida. Ango ya ƙarasa Warra a bas ɗin mata, tsakanin kwallayen cincin, da aron riga. Cindo ya wuce gidan Deborah, suka sha hira a kan Gideon, ta ba shi busasshen kifi ya kai wa Kulu. Wurin ɗaurin auren ko leƙawa bai yi ba.

Bashir bai taɓa zuwa godiya ba. A gari ya riƙa cewa jabu aka aiko masa, Auwal kuma ya ce laifin hanya ne. Mako biyu bayan biki aka ga jar motar ta wuce ta gaban rumfa, an sa sababbin kusoshi, notunan Cindo na nan amma an fesa musu fenti ruwan zinariya. Cindo ya bi ta da kallo har ta hau tudun a gicciye, ya ja tsaki mai tsawo. Kafin azumi aka ɗora ta a kan tirela aka maida Abuja, ba a ƙara ganinta ba.

Shamsiyya ce ta zo. An maida ita aiki Shanga, tana zuwa tana dawowa a wata tsohuwar ƙaramar mota mai ruwan toka. Wata Litinin ta tsaya gaban rumfa, ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Hajiya ta ba ta labarin komai. Ta ce hanyar da take bi ba kowa, tana so ya koya mata canza taya da kanta.

Cindo ya dube ta daga ɗankwali zuwa takalmi. Ya zagaya motar yana neman abin da zai faɗa. Ya buɗe baya, ya ga jak a wurinsa, sifana a wurinta, safayar taya cike da iska. Ya rufe.

"Wa ya koya miki ajiye kaya haka?"

"Babana, kafin ya rasu. Direban motar asibiti ne."

"Hm. Direba."

Ya ja bencinsa gefe ya ba ta wuri. Ta naɗe hannun riga ta durƙusa, ya tsaya a kanta yana gyara mata riƙon sifana. Sau biyu ta cire tayar ta maida, a na biyu bai sami abin gyarawa ba. Da za ta tafi ta ajiye masa kwanon alkaki a kan benci. Ya ce sukari ya yi yawa tun bai buɗe ba. Kafin la'asar kwanon ya koma rabi, sai da mai shayin tasha ya tuna masa ya rage wa Kulu.